Kwana Uku a Garnaɗa

 

Yau sharhinmu zai ƙetare hamada, ya ƙetare bahar, ya sauka a kudancin ƙasar Sifaniya, a wani birni da ke gindin duwatsu masu ƙanƙara, wanda littattafanmu na Larabci suke kira Garnaɗa, mutanensa kuwa suke ce masa Granada. Dalilin zancen shi ne, a wannan zamani da Allah ya sauƙaƙa safara, har ɗalibi da attajiri da ma'aikacin da aka aika taro sukan wayi gari a Madrid ko Malaga da 'yan kwanaki a hannunsu ba su san yadda za su yi da su ba, ya kyautu a ce akwai wanda ya faɗa musu inda za su sa ƙafa, da abin da za su sa a baki. Kwana uku na ɗiba. Na ɗibi uku ne domin a mazhabarmu ta Malikiyya wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, yana nan a hukuncin matafiyi, kasaru yake yi. To, ziyarar mai kasaru za mu yi.

Shawarata guda ɗaya ce, kuma za ku ji na yi ta maimaita ta. Wanda kwanakinsa kaɗan ne, ya rage wurare, ya ƙara natsuwa. Ku riƙe wannan.

Da farko, me ya sa Garnaɗa, alhali ga Kurɗuba da babban masallacinta, ga Ishbiliya da hasumiyarta? Amsa ita ce, duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure, ko bai sani ba, ya riga ya ci gishirin wannan birni. Tuhfatul Hukkam, wadda alƙalanmu suka daɗe suna yanke hukunci da ita, alƙalin Garnaɗa ne ya tsara ta, wato Abubakar Ibn Asim, wanda ya rasu a shekarar 1426. Imam Shaɗibi mai Muwafaƙat a nan ya rayu, a nan aka binne shi. Mawwaƙ, ɗaya daga cikin masu sharhin Muhtasar na Halilu, shi ne malamin garin a ƙarshen zamanin Musulmi. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, ya taɓa riƙe alƙalancin garin na ɗan lokaci. Daga nan ne kuma Abu Ishaƙa Assahili ya fita, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajji, ya biyo shi ƙasar Mali, ya rasu a Tambutu. Hasan Alwazzan, wanda Turawa suka sani da sunan Leo Africanus, wanda ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir a littafinsa tun ƙarni biyar da suka wuce, shi ma haihuwar Garnaɗa ne, ko da yake a Fas ya girma. Saboda haka Bahaushen da ya je can, garin malaman malamansa ya je, kuma ya cancanta ya shiga da ladabin almajiri.

Sai mu juya ga shiri, domin a nan ne mutane da yawa suke yin asara tun ba su bar gida ba. Abin da ya tara jama'ar duniya a Garnaɗa shi ne fadar Alhamra, wadda ake rubutawa Alhambra, kuma hukumar da ke kula da ita ta ƙayyade adadin masu shiga kowace rana, ta yadda a lokacin bazara da hutun Turawa tikiti yakan ƙare makonni kafin ranar. Ana sayensa ta intanet, a shafin hukumar kanta. Sunanka ake bugawa a kai, da lambar fasfonka, kuma da fasfon za ka zo ƙofa. Ana rubuta sa'ar da za ka shiga ɗakunan sarakuna, in ka makara ko da kaɗan ne, mai gadi zai ba ka haƙuri cikin ladabi, ya tare ƙofa. Ku sayi tikitin Alhamra tun kuna gida. Ina sake faɗa, tun kuna gida. Game da hanya kuwa, jirgin ƙasa mai sauri yana tasowa daga Madrid ya iso cikin awa uku da rabi ko kusa da haka, daga Malaga kuma bas ba ta cika awa biyu. Mafi daɗin lokaci shi ne watan Afrilu da Mayu, ko Oktoba, domin a Yuli da Agusta rana tana dukan garin ba sani ba sabo, da hunturu kuwa sanyin da ke saukowa daga dutse ya fi na jaura cizo. Takalmi mai taushin tafi shi ne abokin tafiya, garin hawa da gangara ne, kuma da ƙananan duwatsu aka daɓe hanyoyinsa.

To, mu shiga rana ta farko. Kada ku nufi Alhamra a ranar da kuka sauka, da gajiyar hanya a jiki da kwaɗayin gani a ido. Ku huta har la'asar, sannan ku fito dandalin da ake kira Plaza Nueva, ku bi gefen ƙoramar Darro, wadda ta raba tudun fada da tudun talakawa. A kan wannan hanya, a hannun hagu, akwai wata ƙaramar ƙofa da mai sauri ba zai lura da ita ba, ciki kuwa gidan wanka ne na ƙarni na sha ɗaya, ana ce masa Bañuelo, wanda ya girmi ɗakunan Alhamra da shekaru masu yawa. An huda rufinsa da ƙananan tagogi masu siffar taurari, haske yana zubowa ta cikinsu ɗigo-ɗigo a kan daɓe, kuma ɗakuna uku ne a jere, na sanyi da na ɗumi da na zafi. Yawancin irinsa an rushe su bayan da mulki ya juya, domin sababbin masu gari sun ɗauki yawan wanka alama ce ta Musulunci.

Daga nan sai ku fara hawa unguwar Albayyazin, wadda suke rubutawa Albaicín. Lungunanta tamkar na cikin birnin Zariya ne, ƙunci da karkata, katanga dama katanga hagu, ba ka ganin komai na gida sai ƙofa da reshen itacen da ya leƙo, alhali a bayan katangar akwai lambu da inabi da rumman da ruwa mai gudu. Za ku riƙa cin karo da wasu ƙananan gine-gine na jan bulo masu baki kamar na murhu, waɗannan matattarar ruwa ce ta zamanin Musulmi, inda kowace unguwa take ɗiba, kuma sau da yawa in ka ga ɗaya jikin coci, to a da masallaci ne a wurin. Za ku ɓata hanya, babu makawa, amma kada wannan ya dame ku, ku dai ci gaba da hawa. Wanda gwiwa ta hana, akwai ƙananan bas jajaye da ke kai mutane har sama.

A can ƙololuwa akwai farfajiyar San Nicolás, inda duk baƙin gari suke taruwa kafin faɗuwar rana, ga masu kaɗa garaya irin tasu, ga masu sayar da awarwaro, ga masu ɗaukar hoto kafaɗa da kafaɗa. Ku duba kaɗan, sa'an nan ku matsa 'yan taku zuwa gefe, ku shiga lambun Babban Masallacin Garnaɗa, wanda Musulmin garin, da yawansu 'yan ƙasa ne da suka musulunta, suka shafe fiye da shekara ashirin suna fafutukar ginawa kafin a buɗe shi a 2003. Abin da ake gani daga can shi ake gani daga nan, sai dai nan babu hayaniya. Ga Alhamra a miƙe a kan tudunta, hasumiya bayan hasumiya, ga dutsen Sierra Nevada a bayanta da farin rawani, rana kuwa tana sauka tana ƙara wa ganuwar ja a kan jan da take da shi, har ladan ya hau hasumiya ya kira magariba. Ku yi alwala, ku bi jam'i. Abin da ranar farko ta ƙunsa ke nan, kuma ya isa. Mun ce a rage wurare, a ƙara natsuwa.

Yanzu kuma, jama'a, sai rana ta biyu, wadda ita ce zuciyar tafiyar, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ku ba Alhamra yini guda cur, kada ku haɗa ta da komai. Mai ƙarfi ya hau da ƙafa ta gangaren Gomérez, cikin inuwar manyan itatuwa, ruwa na gudu a magudanai dama da hagu, har ya iso Babus Shari'a, ƙofar da Sarki Yusufu na ɗaya ya gina a 1348, wadda aka zana tafin hannu a kan bakanta na waje, da mabuɗi a kan na ciki. Hanyar cikinta a karkace take, ta juya dama ta juya hagu, domin kada mahayin da ya zo da mugun nufi ya sami sukuwa.

Sarakunan da suka gina wannan wuri su ne Banu Nasar, waɗanda kakansu Muhammadu Ibnul Ahmar ya kafa mulki a Garnaɗa wajen shekarar 1238, a daidai lokacin da Kurɗuba ta riga ta faɗi, Ishbiliya kuma tana dab da faɗuwa. Daula ce ƙarama, a matse tsakanin dutse da teku, wadda ta rayu shekara ɗari biyu da hamsin da 'yan kai da dabara da biyan gandu da sulhu fiye da yadda ta rayu da takobi. Wannan ya bayyana a gininta. Ba su da dukiyar Banu Umayya, tsoffin sarakunan Kurɗuba, saboda haka da yumɓu da farar ƙasa da katako da tangaran suka yi aiki, kayan da ba su da tsada, amma suka zuba musu haƙuri da lissafi har suka zama abin da duniya take layi ta gani.

In sa'arku ta yi kuka shiga, za ku fara da zauren shawara, daga nan ku fita wata farfajiya mai dogon tafki a tsakiya, ruwansa a kwance lumui, har hasumiyar da ke gabansa ta bayyana a ciki a kife. Ku tsaya. Yawancin mutane za ku ga sun ɗaga waya sun wuce. Ku bar su su wuce, ku shiga babban ɗakin da sarki yake karɓar jakadu, ku ɗaga kai. Rufin na katako ne, ƙanana-ƙanana dubbai, an harhaɗa su hawa-hawa don su nuna sammai bakwai, a ƙarƙashinsa kuma, zagaye da ɗakin, an rubuta suratul Mulk, wato Tabaraka. Ku yi tunanin jakadan da ya shigo daga hasken farfajiya zuwa wannan duhu-duhu, sarki yana zaune cikin taga haske na bayansa, ba a ganin fuskarsa, shi kuwa yana ganin ta kowa, sama da kan sarkin kuma ga surar da ke tuna masa cewa mulkin ba nasa ba ne. A nan ne mai karatun allo ya fi sauran baƙi riba, domin abin da su suke gani ado, shi karatu yake yi. Bango duk rubutu ne, ayoyi da addu'o'i da baitocin waziri Ibn Zamrak, sai kuma taken gidan sarautar, wanda za ku gani a kan ginshiƙi da taga da ƙofa har ku gaji da ƙirga, mai cewa babu mai rinjaye sai Allah.

Gaba kaɗan sai farfajiyar zakuna, aikin Sarki Muhammadu na biyar, inda zaki goma sha biyu na farin dutse suke ɗauke da kwatarniyar ruwa, magudanai huɗu kuma suna ratsa daɓe zuwa ɗakuna huɗu, ginshiƙai siri-siri sun kewaye wurin, wani shi kaɗai, wani biyu a haɗe, wani uku. A ɗakin da ke kudu, wanda ake dangantawa da Banu Sarraj, masu jagora za su nuna muku wani jan tabo a cikin kwatarniya, su ce jinin manyan wannan gida ne da wani sarki ya sa aka yanka. Tsatsa ce kawai, amma labarin ya fi daɗin sayarwa. Abin dubawa na gaskiya yana bisa, ƙubbar da aka sassaƙa ta da ƙananan ramuka bila adadin a siffar tauraro, wadda hasken tagogi yake sauya mata kama daga hantsi zuwa azahar. Kada ku taɓa bango, masu gadi ba sa wasa da wannan, kuma suna da gaskiya.

Bayan ɗakuna, sai ku ci guzurinku a inuwa, ku hau hasumiyar tsohuwar ganuwa ku ga gari da fadamarsa, sa'an nan da yamma ku ƙetara zuwa Jannatul Arif, wadda suke kira Generalife, gidan gonar da sarakuna suke fita shan iska. A nan ne za ku gane cewa asirin Alhamra duka ruwa ne. Tudun busasshe ne tun asali, sai da suka tare ƙoramar Darro can sama, suka jawo ta cikin magudanar da ta bi gefen dutse tafiyar kilomita shida, ta shayar da lambu, ta cika tafki, ta shiga gidan wanka, ba inji ba famfo, sai sanin gangara. Akwai wata matakala a saman lambun wadda aka fafe bisan katangunta biyu, ruwa mai sanyi yana gangarowa ta wurin da mai hawa yake dafawa. Ku sa hannu a ciki. Ita kuwa fadar sarkin Kirista Charles na biyar, ƙatuwar nan ta dutse da aka dasa a tsakiyar wurin, murabba'i a waje da'ira a ciki, a ganina kyakkyawan gini ne da aka ajiye inda bai dace ba, amma a ƙasanta akwai gidan kayan tarihi mai tuluna da fitilu da ƙyamaren zamanin Musulmi, wanda ya cancanci rabin awa.

A nan zan ɗan ratse, masu sauraro, domin akwai wata magana da ta zama wajibi. Musulmi da yawa sukan fito daga Alhamra da ƙunci a zuciya, kuma ba a zarge su ba. Ranar 2 ga Janairu 1492 sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa mabuɗan gari ga sarakunan Kirista, Fernando da Isabel, bisa alkawarin za a bar Musulmi da addininsu da masallatansu da alƙalansu, ba a cika shekara goma ba aka warware alkawarin, aka ƙona littattafai a dandalin Bib-Rambla, aka tilasta wa mutane shiga Kiristanci, daga baya aka hana harshen Larabci, a ƙarshe aka kori jikokinsu daga ƙasar baki ɗaya tun daga 1609. Yahudawa ma a shekarar da gari ya faɗi aka kore su. Duk wannan gaskiya ne. Amma adalci ya sa a faɗi sauran, cewa sa'ad da abokan gaba suke bakin ƙofa, Abu Abdullahi yana yaƙi da ubansa Abul Hasan, yana yaƙi da baffansa Azzagal, kowa yana neman gadon da ruwa ya kusa cinyewa, da kuma cewa wannan fada da ta kai gare mu, masana da magina 'yan Sifaniya ne suka yi ta gyaranta suna tallafarta zuriya bayan zuriya. Mutanen Garnaɗa na yau masu masauki ne, kai kuwa baƙo. Ka ɗauki ibira, ka yi wa magabata addu'a a zuciyarka, salla kuma ka kai ta masallaci, kada ka shimfiɗa darduma inda doka ta hana, ka jawo wa kanka da 'yan'uwanka mazauna garin magana.

To, mun ga abin ido, sai abin baki, kuma ku gyara zama domin a nan ne ake zamewa. Abu na farko shi ne lokaci. Mutanen nan ba sa cin abincin rana sai ƙarfe biyu zuwa huɗu, na dare kuwa sai tara ta gota, wanda ya fito ƙarfe bakwai yana neman tuwon dare zai tarar da kujeru a kife. Abincin rana shi ne babba, kuma gidajen abinci da yawa suna da abin da suke kira menú del día, wato kwano biyu da burodi da abin sha da ɗan zaƙi a kan kuɗi ƙayyadadde, shi ya fi araha. Da safe ku yi irin tasu, gasasshen burodi da aka shafa masa niƙaƙƙen tumatir, aka zuba man zaitun da ɗan gishiri, da kofi mai madara da lemun zaƙi da aka matse a gabanka.

Abu na biyu shi ne al'adar da Garnaɗa ta yi suna da ita, wadda ake kira tapa. In ka sayi abin sha, sai a kawo maka ɗan ƙaramin faranti na abinci kyauta, in ka ƙara, a kawo wani daban. Ko lemo ka saya, ko ruwan inabi marar sa maye da suke kira mosto, za a kawo. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, yawancin wuraren da ake wannan ana shan giya a cikinsu, kuma ba kai ke zaɓen abin da za a kawo ba, sai abin da mai girki ya ga dama. Ƙasar kuwa ƙasar alade ce. Za ku ga cinyoyinsa busassu a rataye a rufin kanti jere-jere, suna kiransa jamón, suna alfahari da na ƙauyen Trevélez da ke kan dutse, kuma suna barbaɗa shi a kan wake da miya da ƙwai ba tare da sun ɗauke shi nama ba. In ka ce ba ka cin nama kawai, mai hidima zai gyaɗa kai da zuciya ɗaya, ya kawo maka wake da jamón a kai. Saboda haka ku haddace kalmomi uku, ku faɗe su tun kafin a kawo komai: sin cerdo, ban da alade, sin jamón, ban da wannan busasshen, sin alcohol, ban da giya. Ku kula da kayan zaƙi ma, wasu irin mantecado da kitsen alade ake murza su. Matambayi ba ya ɓata.

Kada wannan ya sa ku ƙare kwana uku a kan burodi da ruwan shayi, domin halal ɗin da ke teburinsu yana da yawa, kuma yana da daɗi. Teku ba ta da nisa, ga shi a mazhabarmu abin da ke cikin ruwa duk halal ne, sai ku nemi soyayyun ƙananan kifaye da aka turbuɗa a gari aka tsoma a man zaitun, a matsa musu lemun tsami, ko jatan lande na garin Motril. Ku nemi berenjenas con miel, wato baƙin yalo da aka yanka fale-fale aka soya ya yi ƙaras-ƙaras, aka yaryaɗa masa baƙar zumar rake, gishiri da zaƙi a loma ɗaya, wanda ni a wurina shi ne sarkin teburin garin. Akwai remojón, haɗin lemun zaƙi da kifi mai gishiri da albasa da zaitun da dafaffen ƙwai, wanda jin bayaninsa ba ya sa kwaɗayi sai an ɗanɗana. Akwai wainar ƙwai da dankali mai kauri, akwai gazpacho, miyar tumatir da kokwamba da tafarnuwa da ake sha da sanyinta lokacin zafi. Wanda kuma ransa ya biya nama, ya gangara titin Elvira da lungun Calderería Nueva, inda 'yan Maroko da 'yan Sham suke da gidajen abinci da mahauta na halal, ya ci kuskus ko naman rago da aka dafa a tukunyar ƙasa mai dogon murfi, ya kora da shayin na'ana'a. Sai dai lungun ya zama na 'yan yawon buɗe ido, ku duba inda mazauna gari suke shiga, ku bi su.

Rana ta uku ba ta da nauyi, kuma ba zan ja ta ba. Ku karya da churros, wani soyayyen ƙulli dogo da ake tsomawa a cakulan mai kauri, a dandalin Bib-Rambla. Daga nan komai kusa yake. Ga makarantar Yusufiyya da aka gina a 1349, wadda yanzu take hannun jami'ar garin, ɗakin sallarta da mihrabinsa suna nan da adonsu, kuma minti ashirin a cikinsa ya fi awa biyu a kasuwa. Daura da ita ga ɗakin da aka binne Fernando da Isabel, jikin babban cocin gari, mai son tarihi ya shiga da ladabi ya gani. Ga Corral del Carbón, masaukin fatake na ƙarni na sha huɗu, dabbobi da kaya a ƙasa, 'yan kasuwa a bene, wurin shan ruwa a tsakar gida. Ga tsohuwar kasuwar alharini, wadda gobara ta cinye a 1843 aka sake ginawa, yanzu tsaraba ake sayarwa, kuma mafi dacewa a saya shi ne ƙananan akwatunan katako da aka yi wa ado da gutsattsarin itace kala-kala, sana'ar da ta saura tun zamanin Musulmi. A bakin coci wasu mata za su miƙo muku reshen ganye kamar kyauta, in kun karɓa sai su kama hannu su ce za su duba, sa'an nan su nemi kuɗi. Ku ce gracias, ku wuce, ku kuma riƙe aljihu a cikin cunkoso. Unguwar Sacromonte da gidajenta na cikin kogo da raye-rayenta na dare, da ƙauyukan kan dutse, da Kurɗuba kanta, ku bar su sai wata tafiyar. Wanda ya ce zai haɗa su duka cikin kwana uku, zai dawo da hotuna cike da waya, a tambaye shi me ya gani ya rasa ta cewa. A rage wurare, a ƙara natsuwa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Wanda Allah ya nufa da wannan tafiya a cikinku, ya sayi tikitin Alhamra kafin ya ɗaure kaya, ya rubuta kalmomin nan uku a takarda ya sa a aljihu, kuma kafin ya tashi ya je wurin malaminsa ya tambayi hukuncin kasaru da na yankan Ahlul Kitabi, ya roƙe shi ya ba shi labarin Ibn Asim. Wanda ya riga ya je kuwa, muna jiran wasiƙarsa, ya gaya mana abin da muka tsallake. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.